Shin Ko Kun San? Kantar Renon Shuka a Cikin Ɗaki

Shin ko kun san cewa a ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Ingila mutane kan kafa kanta a cikin ɗaki, su rataya mata fitilu, su reni irin tumatir da tattasai tun ƙanƙara ba ta narke a waje ba? Su rashin rana ne ya kora su ciki. Mu a Birnin Kebbi da Argungu rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Abin da zai sa mutumin unguwar Nasarawa ya shigar da shuka ɗaki shi ne zafin bazara, da ɓarnar kaji da awaki, da ruwan farkon damina da kan kwantar da gadon reno a dare ɗaya. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a nan, alhali irin salak da ƙasa ta haura digiri 30 sai ya fara ƙin tsirowa, ko an shayar da shi safe da yamma. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi dacewa da wannan aiki a kan mai rufin kwano.

Ko kun san ido na yaudarar mutum a kan haske? Ranar tsaka takan kai luks 100,000 a ma'aunin haske, ɗakin da kuke gani tangaran kuwa 'yan ɗaruruwa kawai yake da su. Shi ya sa tsiron da aka ajiye a lungun ɗaki yake miƙewa siriri, fari fat, ya karkata wajen taga, bayan kwana kaɗan ya faɗi. Maganin shi ne a kusanto da fitila, kamar taƙi ɗaya daga saman ganye, a rataye ta da sarƙa ko igiya don a riƙa ɗaga ta yayin da shukar ke tasowa. Ƙwan fitila guda idan aka ninka nisansa, hasken da ke isa ganye kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. A ɗora bayan hannu daidai kan ganyen; in hannu ya ji zafi, fitilar ta yi kusa.

Ganye ya fi cin moriyar jan haske da shuɗi. Farar fitilar LED da ke kowane shago asalinta shuɗiya ce aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, kuma masana uku 'yan asalin Japan da suka ƙirƙiro shuɗin, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014. Don reno, wannan doguwar farar fitila ta wadatar. A ganina masu launin shunayya da ake tallatawa da tsada ɓarnar kuɗi ce ga mai tire huɗu. Tsohon ƙwai mai zaren waya dai a bar shi, don kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa. A watan Agustan 2015 ma 'yan sama jannati sun ci jan salak da aka shuka ƙarƙashin LED a tashar sararin samaniya.

Ita kantar, mai walda ya fi kafinta amfani, saboda gara da laima. Hawa uku ko huɗu, tsawon santimita 120 daidai da fitila mai ƙafa huɗu, tazarar kamar santimita 40 tsakanin hawa da hawa. A shafe bangon baya da farin fenti don ya mayar da haske kan shuka. Waya da soket su bi ta sama da gefe, kada su zauna inda ruwan shayarwa zai ɗiga. Fitila huɗu masu wat 18, in suka yi awa 14 a kunne, yunit ɗaya da 'yan kai suke sha a rana, wanda mai sola da batir zai lissafa kafin ya sayi ko ƙusa.

Shin ko kun san ɓuntun shinkafa yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba? A jihar da ke da injinan Labana a Birnin Kebbi da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injinan unguwa, ba a rasa shi. In aka babbake shi ya yi baƙi bai zama toka ba, aka gauraya da ruɓaɓɓen taki da yashin gulbi, ana samun ƙasa marar nauyi da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ledar fiya wata da aka huda ƙasanta ta isa mazubi. Ciwon da ke kashe tsiro a ɗaki shi ne wanda kara ke ruɓewa daidai bakin ƙasa, ka kwanta da lafiyayyen tire ka tashi ka tarar rabi ya zube. Yawan ruwa da rashin iska ke kawo shi, don haka 'yar fanka tana da muhimmanci.

Ga wanda ya fi ba ni sha'awa. Ko kun san albasa tana lissafin tsawon yini? A Birnin Kebbi yini bai cika gaza awa 11 da rabi da yawa ba, kuma ba ya kai 13 ko a watan Yuni. Albasarmu, irin wadda ta sa aka san Aliero, ta saba da wannan, tana fara ƙulla kai ne da yini ya kai awa 11 zuwa 12. Turawa kuwa sukan ba shukarsu awa 16 na fitila, kuma shi ne abin da za ku gani a yawancin bidiyon intanet. Tumatir da tattasai da attarugu za su karɓa, su ma a bar musu awannin duhu. Amma ka yi wa albasarmu haka, tana iya ɗauka lokaci ya yi, ta yi ɗan kai kamar gujiya tun ganyenta bai kai ya kawo ba, dashen ya tashi a banza. Kada fitilar hawanta ta wuce awa 11 a kunne. Dawar gargajiya da yakuwa su ma suna wannan lissafi, sai dai su gajartar yini suke jira kafin su yi fure, shi ya sa ko an yi sammakon shuka ba sa gaggawar fitar da kai.

A Japan ma yawancin shinkafa a tire mai santimita 60 da 30 take fara rayuwa, kafin injin dashe ya ɗauka. Tumatir yakan isa dashe a mako uku zuwa biyar, albasa shida zuwa takwas. Sai dai tsiron ɗaki bai san ranar Kebbi ba. In aka kai shi fadama kai tsaye ganyen zai ƙone a wuni ɗaya. A fara fitar da tiren gindin bishiya da hantsi na awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa har mako, a rage ruwa kaɗan, sannan a dasa da la'asar.