Kwamin Ninƙaya Mai Gishiri: Lissafin Da Mai Otal A Bulumkutu Zai Yi Kafin Ya Zuba Jari

MAIDUGURI — Unguwar Bulumkutu tana yammacin birnin Maiduguri ne, kusa da filin jirgin sama, a kan hanyar da ta nufi Damaturu da Kano, saboda haka akasarin baƙin da ke shigowa babban birnin Jihar Borno ta sama ko ta mota sai sun ratsa ta gefenta. Tun daga tsakiyar shekarun 2010, lokacin da ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar, harkar masauki ta zama sana'a mai tsoka, kuma kwamin ninƙaya yana cikin abubuwan da ke ba mai otal damar ƙara kuɗin ɗaki. Tambayar da ke gaban mai niyyar gina irin wannan kwami ita ce: ya riƙa sayen garin kulorin yana zubawa kamar yadda aka saba, ko kuwa ya sayi na'urar da ke samar da kulorin daga gishiri?

Da farko ya kamata a kawar da wata rashin fahimta. Kwami mai gishiri shi ma da kulorin yake kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya canza kawai shi ne inda kulorin ɗin ke fitowa. Ana narka gishiri a ruwan, famfo ya tura shi ta cikin wani bututu mai ɗauke da faranta na ƙarfen titaniyam, wutar lantarki ta ratsa farantan ta raba gishirin, kulorin ya fita ya narke a ruwa. Bayan ya gama aikinsa sai ya sake komawa gishiri. Wannan fasaha ta bunƙasa a Ostareliya tun shekarun 1970 kafin ta bazu zuwa Amurka da Turai. Ruwan ba ya kai na teku zartsi: ana buƙatar kimanin giram 3 na gishiri a kowace lita, alhali ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35.

A ɗauki misalin kwami mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita ɗaya da rabi. Zai ci ruwa lita 75,000, watau zubin farko na gishiri zai kai kilo 225, buhu 9 ke nan masu kilo 25. Kuɗin wannan ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce irin gishirin. Masu ƙera na'urar suna neman tataccen gishiri wanda ba a sa masa sinadarin aidin ko maganin hana dunƙulewa ba, ga shi kuwa tun farkon shekarun 1990 dokar Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin abinci. Dole ne a nemi gishirin masana'antu. Wanda ya ce zai yi arha da kantun Bilma ko mangul, to ya sayi wahala da kuɗinsa, domin ƙasa da sauran ma'adinan da ke cikinsu za su dagula ruwan su ɓata farantan.

Babban abin da mai jari a Maiduguri zai tsaya a kansa shi ne wuta. Na'urar ba ta samar da ko ɗigon kulorin sai famfo yana aiki, ruwa yana gudana. Na'ura matsakaiciya mai fitar da giram 25 a sa'a, idan ta yi sa'a 8, za ta ba da giram 200, wanda a kwamin misalinmu ya zama kimanin miligiram 2.7 a kowace lita. Wannan yana iya isa a rana mai sauƙi. Idan wuta ta samu na sa'a 4 kacal, rabin haka za a samu, kuma kwana biyu ko uku a jere a wannan hali sun ishi gansakuka ta mai da ruwan kore. Mutanen Maiduguri ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru a watan Janairu na shekarar da aka raba birnin da babban layin lantarki na ƙasa, watau 2021, lokacin da aka lalata turakun layin da ya taso daga Damaturu, aka shafe watanni da dama ana zaman janareto. Tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, da aka buɗe a watan Maris na 2023 ta rage raɗaɗin, amma mai hankali zai yi lissafinsa ne bisa farashin man gas na janareto.

Ga lissafin. Famfo mai cin kilowat 1.1 da ke aiki sa'a 8 a kullum zai sha kilowat-sa'a 264 a wata. Janareto mai lafiya yana ƙona kusan sulusin lita na man gas a kan kowane kilowat-sa'a, watau lita 80 zuwa 90 a wata don famfon kaɗai, ban da na'urar gishirin. Gaskiya ne cewa kwami mai garin kulorin shi ma yana buƙatar famfo domin tace ruwa. Bambancin shi ne, ranar da inji ya tsaya, mai garin kulorin zai auna ya narka a bokiti ya zuba da hannu, shi kuwa mai gishiri masana'antarsa ce ta tsaya cak.

Abu na biyu shi ne ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsaminta ta san tushen wannan ilmi. Ana so ruwan kwami ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, kuma dalilin na kuɗi ne tsantsa. Kulorin da ya narke a ruwa yana rabuwa gida biyu, mai kaifi da mai rauni. A lamba 7.5 kimanin rabinsa ne mai kaifi. A lamba 8 ya koma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, a 8.5 kuwa bai cika kashi 10 cikin ɗari ba. Ashe ke nan wanda ya bar ruwansa ya hau daga 7.5 zuwa 8 yana biyan cikakken kuɗin mai ne yana karɓar rabin aiki.

Abin takaici, halin kwami mai gishiri ne ya riƙa hawa wajen kanwa a kullum. Kumfar iskar haidurojin da ke tashi daga farantan tana taimakawa wajen korar iskar kabon daga ruwa, kuma duk lokacin da wannan iska ta fita lambar sai ta hau. Maganin shi ne asid na haidurokulorik, ana zuba shi kaɗan kaɗan, sau ɗaya ko biyu a mako gwargwadon abin da awo ya nuna. Wannan kashe kuɗi ne na dindindin da mai sayar da na'ura ba kasafai yake fara ambata ba. Ma'aikacin da zai riƙe aikin dole ya san ƙa'idoji biyu da ba a wasa da su: asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, sa'an nan ba a taɓa haɗa asid da garin kulorin, ko a ajiye su gab da juna, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba.

Rana ma tana da nata rabon. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan wuce digiri 40, kuma hasken rana mai ƙarfi yana iya cinye mafi yawan kulorin da ba shi da kariya cikin 'yan sa'o'i. Kariyar ita ce asid sayanurik, wanda ke riƙe kulorin kamar laima. Akan sa miligiram 30 zuwa 50 a lita, wasu masu ƙera na'urar kuma suna ba da shawarar a ɗan haura haka. Sai dai idan ya yi yawa yakan dushe kaifin kulorin, kuma ba ya fita sai an zubar da wani ɓangare na ruwan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada kulorin ya gaza miligiram 1 a lita, ko 2 idan an sa wannan kariya. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe tukunyar yashi mai tace ruwa, a riƙa wanke ta akai-akai, kowane wanki yana tafiya da ruwa da gishirinsa.

Batun ruwan kansa ya cancanci a dakata a kai. Dam ɗin Alau, wanda ya ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, shi ne tushen ruwan matatar birnin, amma unguwanni da yawa sun daɗe suna dogaro da rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa, waɗanda a Maiduguri ake kira mai moya. Kwami mai faɗin murabba'in mita 50 yana rasa lita 50 a duk milimita ɗaya da rana ta tsotse, kuma da bazara tana tsotse milimita da dama a yini. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan, don haka kuskure ne a ƙara gishiri duk lokacin da aka yi ciko. Amma kalsiyam da ke cikin ruwan cikon shi ma yana nan yana taruwa, ya zama farin ɓawo a kan farantan ya rage musu ƙarfi. Idan kuma rijiyar tana da sinadarin ƙarfe, kulorin zai mai da ruwan ja-ja kamar shayi. Kai kwalbar ruwan rijiya ɗakin gwaji kafin a sayi na'ura shi ne mafi arha cikin duk matakan wannan aiki.

Inda ake samun rangwame na gaske shi ne a famfo mai sauya gudu. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, idan aka rage gudun famfo da rabi, ruwan da yake turawa zai ragu da rabi, wutar da yake ci kuwa ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Famfon da ke juya lita 75,000 cikin sa'a 6 zai ɗauki sa'a 12 a rabin gudu, duk da haka a lissafin takarda rubu'in wutar zai sha. A aikace ribar ba ta kai haka cif, amma tana da yawa, kuma ƙarin sa'o'in yana ba na'urar gishiri lokacin aiki. Iyakar ita ce, idan gudun ruwa ya yi ƙasa ainun, makunnin tsaro zai kashe na'urar, kuma bai kamata a taɓa cire shi ba, domin haidurojin da ya taru a bututun da ruwa ba ya gudana yana iya fashewa. Famfo mai ƙaramin ci irin wannan ya dace da farantan sola, waɗanda ke ba da wuta a daidai sa'o'in da rana ke cin kulorin.

Saura kuɗin maye gurbi. Farantan titaniyam suna ƙarewa, galibi cikin shekara 3 zuwa 7, kuma na'urar da aka ƙure wa ƙarfi kullum a ruwa mai ɗumi tana kusa da lambar farko. Shi ya sa ya fi riba a sayi wadda ta fi ƙarfin kwamin a riƙa tafiyar da ita a sassauce. Daga waje ake shigo da su, da Dala ake sayensu, kuma tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yuni na 2023 duk mai shigo da kaya ya san abin da hakan ke nufi. Ya kamata a riƙa ware wani abu daga kuɗin shigar kwamin kowane wata domin wannan rana, tare da ɗan abin gyaran tsani da sauran ƙarafan da gishiri ke ci sannu a hankali. Har ila yau a ajiye durom ɗaya na garin kulorin a busasshen ɗaki mai iska, nesa da asid, saboda makon da janareto zai shiga hannun makanike.