Bonzify: Yadda barkwanci da tsohon goggon biri ke kashe kwamfuta

Waɗanda suka yi amfani da kwamfuta a farkon shekarun 2000 za su iya tuna BonziBuddy, goggon birin nan mai launin shunayya da ke yawo a fuskar kwamfuta yana magana da waƙa da ba da labaran ban dariya. Kamfanin Bonzi Software na Amurka ne ya fito da manhajar kyauta a 1999, da farko cikin siffar koren aku.

Sai dai ba a rabu lafiya ba. An gano cewa manhajar na tattara bayanan masu amfani da ita, tana kuma cusa musu tallace-tallace. A 2004 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta ci kamfanin tarar Dala 75,000 saboda karɓar bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba tare da izinin iyayensu ba. A shekarar ne aka daina fitar da ita.

Bayan shekaru, wani mai tsara manhaja da ake kira Leurak, wanda ya ƙirƙiri muguwar manhajar MEMZ a 2016, ya samar da Bonzify. Manufarsa nishaɗantar da masu kallon bidiyon da ake lalata Windows da gangan.

Da zarar an kunna ta, sai birin ya bayyana ya sanar da cewa ya mallake kwamfutar. Alamomin manhajoji su rikiɗe zuwa fuskarsa, rubuce-rubuce su sauya, daga ƙarshe kwamfutar ta ƙi tashi.

Bonzify ba ta neman kuɗin fansa, ɓarna ce kawai aikinta. Masu gwada ta kan yi hakan ne a kwamfutar gwaji da ake ƙirƙira cikin wata kwamfutar, wadda ko ta lalace babu asara. Amma ɗan kasuwar da lissafin shagonsa ke ciki, ko ma'aikacin da ya adana takardun ofis, ba shi da wannan kariya idan wani yaro ko aboki ya kunna ta da sunan wasa.

Don haka a guji sauke tsofaffin manhajoji daga shafukan da ba a tantance ba, komai sabo da fuskarsu. A hana yara ikon girka manhaja a kwamfutar aiki, a kuma riƙa ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri daban, domin rigakafi ya fi magani.