Daga Ruwan Daɗi Zuwa Teku: Yadda Gishiri Ke Cin Jirgi, Inji Da Wayar Salula

Kogin Sakkwato yana farawa ne daga kusa da Funtua, ba nisa da Sheme. Daga nan ya bi ta Gusau da Sakkwato da Argungu, ya faɗa kogin Neja, ya wuce Kainji da Lakwaja har ya ƙare a tekun Atalantika. Mutane ma suna bin wannan hanya. Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi, sun daɗe suna gangarawa kudu da sana'arsu, kuma matasan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da ke zuwa ci-rani Legas sun san cewa sufurin ruwa babbar sana'a ce tsakanin Ikorodu da Apapa da Badagry.

Sai dai jirgin da ya shekara yana aiki lafiya a dam irin na Zobe ko a tafkin Kainji zai iya lalacewa cikin 'yan watanni idan aka ɗaure shi a ruwan gishiri ba tare da shiri ba. Inji kaɗai jarin miliyoyin naira ne, kuma idan ya mutu a tsakiyar ruwa da fasinja a ciki, maganar ta wuce ta kuɗi. Abin da ke kashe injin shi ne dai ke kashe wayar da ke aljihun direban.

Me ya bambanta ruwan teku?

A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Ruwan kogi da na dam yawanci bai kai rabin giram ba. Gishirin nan yana sa ruwa ya riƙa ɗaukar lantarki sosai, kuma daga nan matsalar take farawa.

Duk wanda ya taɓa fasa batir ya ga ƙarfe iri biyu da wani sinadari a tsakaninsu. Idan farfela ta bakin ƙarfe marar tsatsa tana haɗe da jikin inji na alminiyam, kuma duka biyun suna cikin ruwan gishiri, an haɗa batir ke nan ba tare da an sani ba. Lantarki zai riƙa gudana dare da rana, ƙarfen da ya fi rauni kuma ya riƙa zaizayewa. A nan alminiyam ne mai raunin, wato jikin injin kansa.

Ƙarfen fansa

Maganin ya tsufa. A shekarar 1824 masanin kimiyya ɗan Ingila Humphry Davy ya nuna cewa idan aka liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da aka lulluɓe jiragen sojan ruwa da shi, guntun ne zai cinye, jan ƙarfen ya tsira. Wannan guntu shi ake kira anod, kuma injinan jirgi irin su Yamaha da Suzuki suna zuwa da shi a ƙafar injin, kusa da farfela.

Anod iri uku ne. Na magnesiyam an yi shi ne don ruwan daɗi, idan ya shiga teku zai ƙare da sauri ya bar inji a buɗe. Na tutiya ya dace da ruwan gishiri, amma a ruwan daɗi yakan yi wani farin ɓawo ya daina aiki. Na alminiyam na musamman yana aiki a duka biyun, shi ya sa ya fi dacewa da wuri irin tafkin Legas, inda ruwan kogi da na teku ke gauraya: gishiri ya ragu da damina, ya ƙaru da rani. Ba a shafa wa anod fenti ko giris, kuma da zarar ya cinye rabi sai a canza shi. Wanda ya duba bayan wata da watanni ya ga anod ɗinsa sabo fil, to alama ce ba ya taɓa ƙarfen injin yadda ya kamata, kuma injin ne ke biyan bashin.

Cikin inji da wayoyin lantarki

Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Yana zuƙo ruwan da yake ciki, ya zagaya da shi ya sanyaya kansa, ya fesar. A teku, idan aka kashe shi, ruwan da ya rage a ciki zai bushe ya bar gishiri yana toshe hanyoyin, har wata rana inji ya ɗauki zafi. Don haka ake ɗura masa ruwan famfo na minti 10 zuwa 15 bayan aiki, sannan a ɗaga ƙafarsa daga cikin ruwa idan zai kwana a ɗaure. Kafin a kai shi teku, yana da kyau a canza robar famfon ruwansa da man giya, a cika giris a duk gaɓoɓinsa.

Wayar lantarkin gida da ake saya a kasuwa jan ƙarfe ce tsirara a cikin roba. Iskar teku kaɗai ta isa ta mayar da ita kore ko baƙa, wuta ta daina wucewa. Wayar da aka yi don jirgi an shafe kowane silinta da kuza. Kan batir da duk mahaɗar waya suna buƙatar giris na lantarki da robar da ke tsukewa da zafi. Noti da ƙusa kuwa a nemi ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, don mai lamba 304 da aka fi samu yana yin ramuka a ruwan gishiri.

Jikin jirgi

Jirgin katako na da maƙiyin da babu shi a kogi: wata halitta mai kama da tsutsa da masana ke kira Teredo. Tana shiga ta ƙaramin rami ta cinye katako daga ciki, waje kuma yana nan kamar lafiyayye. Akwai kuma ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa ƙasan kowane irin jirgi, su rage masa gudu su ƙara masa shan mai. Ana hana su da fenti na musamman da ake shafawa a ɓangaren da ke cikin ruwa. Yawancin irin wannan fenti na ɗauke da jan ƙarfe, saboda haka ba a shafa shi a jirgin alminiyam ko a ƙafar inji, don zai sake haɗa wancan batir ɗin. Tsohon fenti mai sinadarin TBT kuma an haramta shi a duniya tun 2008 saboda gubar da yake zubawa a ruwa.

Ɗaurin jirgi

A dam, ruwa yana sauka ne a hankali cikin watanni. Teku kuwa tana cikowa ta janye sau biyu a rana, kusan awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa. A Legas bambancin yana kusa da mita 1, a wajen Kalaba ya fi haka. Wanda ya ɗaure jirgi tam da gajeriyar igiya lokacin da ruwa ya cika zai dawo ya tarar da shi a rataye ko a karkace. Igiyar nailan mai ɗan tsawo ta fi, don tana miƙewa. Idan anka za a jefa, tsawon igiyar ya kai ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwan lokacin cikowa. Akwai manhajojin waya da ke nuna lokutan cikowa da janyewa, wasu kuma irin su Windy suna nuna iska da igiyar ruwa.

Wayar da ke aljihu

Da yawa suna ganin alamar IP67 ko IP68 a kwalin waya su ɗauka an gama magana. Gwajin da ake yi kafin a ba da wannan lamba da ruwa mai tsabta ake yin sa, a ɗakin gwaji, da sabuwar waya. A 2020 hukumomin Italiya sun ci Apple tarar yuro miliyan 10 kan yadda ya tallata juriyar iPhone ga ruwa, a 2022 kuma kotu a Ostireliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14 kan tallan da ya nuna ana amfani da wayoyin Galaxy a teku da wurin ninƙaya.

Idan ruwan gishiri ya taɓa waya, a kashe ta nan take. Mai lambar IP a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta a goge, marar lambar kuma a garzaya da ita wurin mai gyara ya buɗe ya wanke allonta. Kada a jona caji har sai ramin cajin ya bushe sarai, don wuta da gishiri idan suka haɗu suna cinye ƙananan filayen cikin ramin da sauri. Binne ta a shinkafa ba ya cire gishiri, kuma Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone su daina. Jakar roba mai rufewa da igiyar rataya a wuya ta fi duk wannan araha. GPS ba ya buƙatar sabis, amma taswira tana buƙata, don haka a sauke ta a waya tun ana tudu.

Kafin a fara ɗaukar fasinja

Hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ce ke kula da hanyoyin ruwan cikin gida na tarayya, a Legas kuma akwai hukumar jiha ta LASWA. Dukansu sun wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Mai niyyar kai jirgi can ya fara zuwa ofishinsu kan rajista, sannan ya ware kuɗin anod, fenti, waya da igiya a cikin jarinsa tun farko. Idan aka haɗa kuɗinsu duka, ba su kai ko kusa da farashin sabuwar ƙafar inji ba.