Giɓin Kasafin Kuɗi: A Yi Mahawara, Kada A Yi Faɗa

Kowace shekara Gwamnati ta kan zauna ta ƙiyasta abin da za ta samu da abin da za ta kashe. In abin kashewa ya zarce abin samu, ratar nan da ke tsakaninsu ita a ke kira giɓi. Hanyoyin cike shi kuwa ba su da yawa: ko a ci bashi, ko a ƙara haraji, ko a rage ayyuka. Kasafin Gwamnatin Tarayya na 2024, da aka sa wa hannu ran 1 ga Janairu, ya kai naira tiriliyan 28.7, giɓinsa kuwa ya haura tiriliyan 9, watau kusan sulusinsa ke nan. Lalle abu mai girma haka ya cancanci jama'a su tattauna shi.

Ana kuwa tattaunawa. A nan Tudun Wada, Zariya, ko a majalisar ƙofar gida, ko a teburin mai shayi, ba a rasa masu zancen bashin Gwamnati. Abin da ke ɓata zancen shi ne, kafin a auna maganar mutum, sai an fara tambayar jam'iyyarsa. In ya ce bashi ya yi yawa, a ce maƙiyin ci gaba ne. In ya ce rance ba laifi ba ne, a ce an saye shi. Daga nan sai zagi, a tashi ba wanda ya ƙaru.

Mu dubi abin da ya faru a jiharmu. A watan Maris 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi yarda Jihar Kaduna ta karɓi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya. Sanatocin jihar su uku, Shehu Sani, da Suleiman Hunkuyi mai wakiltar shiyyar da Zariya ke ciki, da Danjuma La'ah, duk ba su goyi baya ba. Hujjarsu ita ce bashin ƙasashen waje ya riga ya yi wa jihar nauyi. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i kuwa ta ce rancen ruwansa kaɗan ne, wa'adinsa mai tsawo, ga makarantu da asibitoci da hanyoyi suna jira. A lura, biyu daga cikin sanatocin nan jam'iyyarsu ɗaya da Gwamna a lokacin, saboda haka ba za a ce bambancin jam'iyya ne ya raba su ba. Duk da haka maganganu suka yi zafi, aka bar lissafi aka koma kan mutuncin juna. A 2020 wata sabuwar majalisa ta amince da rancen.

Sai ga shi a watan Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Ya ce cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun Tarayya a watan nan, an cire biliyan 7 don biyan bashi, alhali albashin ma'aikata ya haura biliyan 5. Babban dalili kuwa shi ne faɗuwar naira: a 2018 dala ba ta kai naira 400 ba, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci bashi da dala, kuɗin shigarsa kuwa naira ne, nauyinsa ya ninku ko bai ƙara cin kwabo ba.

To, wa ya yi gaskiya? Mai adalci zai ce kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki nata. Masu gargaɗi ba su yi ƙarya ba, gama ranar biya ta zo da wuya. Masu son rance kuma suna da abin nunawa, don faɗaɗa aikin ruwan Zariya ma da rancen Bankin Raya Afirka da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi aka yi shi. Da an saurari juna tun 2018, da watakila an tsaya a kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci: in naira ta faɗi, da me za a biya?

Ba kuwa yau aka fara irin wannan mahawara ba. A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya buɗe wa 'yan ƙasa fili su faɗi ra'ayinsu, ko a karɓi rancen Asusun Ba Da Lamuni na Duniya ko kada a karɓa. Malamai da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ma'aikata duk suka sa baki. Cikin masu suka har da Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rubuta littafi sukutum a kan batun. A watan Disamba aka ƙi rancen. Gaskiya ne a 1986 Gwamnati ta kawo shirinta na gyaran tattalin arziki, mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka ƙi. Amma an ga shaida cewa mutanenmu suna iya jayayya da hujja a kan kuɗin ƙasa.

Wani abin tunawa kuma, bashi ba ya sauka ranar da mai mulki ya sauka. Basussukan da gwamnatoci da dama suka tara, sai a 2005, zamanin Obasanjo, aka daidaita da ƙasashen Ƙungiyar Paris: suka yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya wajen biliyan 12. Ɗan hamayyar yau shi ne mai mulkin gobe, shi zai gaji takardun. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa.

Saboda haka ga shawara ga masu mahawara. Da fari, a zo da lissafi. Ofishin Kula Da Basussuka da aka kafa a 2000 yana buga bashin kowace jiha, kuma akwai dokar 2007 da ta ƙayyade giɓin Tarayya kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ta samar a shekara, sai da wani babban dalili. Na biyu, a yi wa kowane rance tambaya uku: me za a yi da shi, da wane kuɗi za a biya, wa zai duba an yi aikin? Na uku, mai cewa a daina cin bashi ya faɗi aikin da za a fasa ko harajin da za a ƙara. Mai cewa a ci kuma ya faɗi inda kuɗin biya zai fito. Ma'aunin da ka auna Gwamnatin wasu, da shi za ka auna ta jam'iyyarka.

Malaman makaranta su ma da nasu aikin. A sa wannan batu a ƙungiyoyin mahawara, a ba yaro ɓangaren da ba ya so ya kare shi, don ya koyi cewa abokin jayayya ba abokin gaba ba ne. Yaran nan su za su biya abin da a ke ci yau. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu haƙurin sauraron juna, amin.