Bronwyn Bancroft: Mai Zanen da Ta Sa Yaran Ƙabilarta Cikin Littafi

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa mun leƙa ƙasar Ostareliya domin mu kawo muku tarihin wata mai zane. Mun zaɓe ta ne saboda akwai da yawa cikinmu da ke cika bayan littafinsu da zane, ana ce musu ɓata takarda suke yi.

Kafin Turawan Ingila su sauka a Ostareliya a 1788, akwai mutanen da suka shafe fiye da shekara 50,000 a can. Su ake kira Aborijin. Turawa sun ƙwace musu ƙasa, sun raba yara da yawa da iyayensu. Sai a 1967 aka kaɗa ƙuri'ar da ta gyara tsarin mulki don a riƙa lissafa su cikin jama'ar ƙasar kamar kowa.

An haifi Bronwyn Bancroft a 1958 a garin Tenterfield, ita ce auta cikin yara bakwai. Mahaifinta ɗan ƙabilar Bundjalung ne, mahaifiyarta kuwa Baturiya ce mai ɗinki. Wariya ta hana mahaifin yin karatu mai zurfi, sai ya koma saran katakon da ake shimfiɗa wa layin dogo. Shi ya sa ya dage wa 'yarsa ta yi ilimi ko ta koyi sana'a. Ta ji maganarsa. Da ta gama sakandare, ta tafi birnin Kanbera ta karanci zane.

A 1985 ta buɗe shago a birnin Sidni mai suna Designer Aboriginals, inda take sayar da yadi da tufafi masu ɗauke da zanenta, tana kuma koya wa matan Aborijin aikin. Amma akwai wata matsala. A lokacin, masu sayen zane da yawa na ganin Aborijin na gaskiya shi ne wanda ke zaune a hamada, na birni kuwa ba a ɗaukar aikinsa da daraja. Don haka a 1987 ita da wasu masu zane tara suka kafa ƙungiyar Boomalli, suka riƙa baje kolin aikinsu da kansu, ba tare da jiran wani ya ba su wuri ba.

Daga farkon shekarun 1990 ta shiga yi wa littattafan yara zane, kuma zuwa yanzu ta yi wa fiye da 40. Cikinsu akwai Stradbroke Dreamtime na marubuciya Oodgeroo Noonuccal, da Why I Love Australia wanda ita ta rubuta, ta kuma zana. Ana gane aikinta da launuka masu haske, da ɗigo-ɗigo da layuka masu lanƙwasa da ke nuna koguna, duwatsu, tsuntsaye da itatuwan ƙasar kakanninta.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Yaron da bai taɓa ganin mai kama da shi a littafi ba, yakan ɗauka karatu na wasu ne. Zanen Bancroft ya sa yaran Aborijin na buɗe littafi su ga danginsu da ƙasarsu.

Saboda haka muna roƙon malamanmu, in kun ga ɗalibi da fensir yana zane, ku duba aikin kafin ku yi faɗa. Ku kuma masu zane, ku kawo mana naku, akwai fili a wannan bango.