Wa Ya Gaya wa Manjo Amsa?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu. An zaunar da mutum a tsakiyar zaure, fitilu na haska shi, na'urorin ɗaukar hoto sun kewaye shi, makirufo na maƙale a rigarsa. Aka yi masa tambayoyi 15, ya amsa su duka daidai, aka miƙa masa cakin fam miliyan ɗaya. Sai dai a wasu manyan tambayoyin, shi da bakinsa ya ce bai taɓa jin amsar da ya zaɓa ba. Babu takarda a hannunsa. Babu waya a kunnensa. To wa ya gaya masa?

Shirin shi ne Who Wants to Be a Millionaire? na tashar ITV a Birtaniya, wanda Chris Tarrant ke gabatarwa a wancan lokacin. Duk wanda ya kalli na Najeriya a hannun Frank Edoho ya san tsarin: tambaya ɗaya, amsoshi huɗu, kuɗi na hawa daga fam 100 har miliyan. A tsarin wancan lokacin, ana ba ɗan takara agaji uku, wato ya tambayi 'yan kallo, ko ya kira aboki ta waya, ko a cire masa amsoshi biyu na bogi. Wanda ya faɗi bayan ya wuce matakin fam 32,000, can zai gangaro komai nisan da ya yi. Mutumin namu kuwa Charles Ingram ne, manjo a rundunar sojan Birtaniya. Matarsa Diana ta taɓa zama a wannan kujera ta ci fam 32,000, ɗan'uwanta Adrian Pollock ma haka. Ranar 9 ga Satumba 2001, a ɗakin ɗaukar shiri na Elstree, layi ya zo kan maigida.

Daren farko bai yi masa daɗi ba. Wata tambaya kan wasan kwaikwayon Coronation Street ta sa ya nemi agajin 'yan kallo. Tambaya kan inda kogin Foyle yake ta sa ya kira aboki. Lokaci ya ƙare yana kan fam 4,000, agaji ɗaya kacal ya rage masa. Ma'aikatan shirin ba su zaci zai yi nisa ba. Washegari ya dawo, ya ce ya zo da sabuwar dabara.

Mijin Jacqueline Kennedy na biyu? Onassis. Fam 8,000. Cukun Emmental na wace ƙasa ne? Suwizalan. Fam 16,000. Sai aka tambaye shi mawaƙin da ya fitar da faifan Born to Do It a shekarar 2000. Ya ƙona agajinsa na ƙarshe, aka bar masa ƙungiyar A1 da Craig David. Ya ce bai taɓa jin sunan Craig David ba. Ya karkata ga A1, har kamar zai rufe. Kwatsam ya juya, wai cankensa ya fi yin kuskure, don haka zai bi akasin abin da zuciyarsa ta ba shi. Craig David. Daidai ne.

Daga nan ba shi da kowa sai kansa. Wasan kurket ya kai shi fam 64,000. Mai zane Holbein ya kai shi 125,000. Wane irin sutura ake kira Anthony Eden? Hula ce. Fam 250,000. A kowace tambaya yakan karanto amsoshin huɗu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ya koma baya ya sake karantowa, ya yi ta kai-komo har 'yan kallo su ƙosa. Ka riƙe wannan ɗabi'a a ranka, za mu neme ta nan gaba.

Tambayar rabin miliyan: wane birni Baron Haussmann ya shahara da tsarawa? Manjo ya ce sunan ya yi kama da na Jamusawa, saboda haka Balin ne. Ya nanata. Ya ƙara nanatawa. Sannan, ba tare da wata sabuwar hujja ba, ya koma Faris. Daidai ne. Ta ƙarshe: me ake kiran lamba ɗaya mai sifili 100 a bayanta? Ya fara lallaɓa nanomole. Ya ce bai san mene ne googol ba. Idan ya kuskure, fam 468,000 sun tafi. Ya zaɓi googol.

Aka yi ta tafi. Amma a bayan fage, wasu ba su tafa ba.

To bari mu fara canka. Zato na farko, sa'a ce. Ina son wannan zato, domin kowa na son labarin wanda rabo ya kira. Amma mu yi lissafi. Tambayoyi 8 ya amsa a dare na biyu, 7 masu amsa huɗu, ɗaya mai amsa biyu. Idan canke ne zalla, damar cinye su duka ɗaya ce cikin 32,768. Na yarda ya san wasu da kansa, wannan zai rage nisan. Duk da haka sa'a ba ta bayyana mana abin da ya fi ɗaure kai ba. Mai canke yakan tsaya kan abin da ya fi kwanta masa a rai. Wannan kuwa sai ya kama hanyar rami, ya je har baki, sannan wani abu ya janye shi.

Zato na biyu, gwani ne ya yi shigar marar sani don ya ƙayatar da kallo. Mutumin ba jahili ba ne, hafsa ne mai digiri, kuma an san masu shirin suna son ɗan takara mai sa zuciya bugawa. Sai dai wane gwani ne zai ɓarnatar da agaji biyu tun kuɗi ba su kai fam 5,000 ba? Wannan ba ya shiga.

To ko mai gabatarwa ne fuskarsa ta tona asiri? A'a. Allon da ke gaban Tarrant ba ya nuna amsa sai ɗan takara ya rufe zaɓinsa. Da maganar ta kai kotu daga baya, shi kansa ya shaida cewa bai lura da komai ba a wannan dare, murna ma yake taya manjo.

Saura na'ura. Nan ne na yi tsammanin mun kama ɓarawo. Masu gabatar da ƙara sun kawo bayanan waya da ke nuna an yi ta aika saƙo zuwa wasu ƙananan na'urori huɗu da ake kira feja, masu girgiza idan saƙo ya shigo. Na'ura huɗu, amsa huɗu. A ɗaura kowace a wani sashe na jiki, wadda ta motsa ita ce amsa. Ƙari a kan haka, a daren farko ma'aikata sun ga wani ɗan'uwan Diana yana ta fama da wayar hannu a harabar wurin. Biri ya yi kama da mutum. Da aka gama shirin kuwa, an caje manjo.

Ba a samu komai ba.

Babu feja. Babu waya. Babu zare. Ga caki a hannunsa. Amma wata ma'aikaciya ta ce ta jiyo mata da miji suna cacar baki a ɗakin sauya kaya. Mutanen da suka zama miloniyoyi yanzu-yanzu, me ya haɗa su faɗa?

Kowa ido ya baza. Masu kula da sauti kuwa kunne suka kasa. Su ne suka fara cewa akwai wani abu a faifan. Aka mayar da shi baya. Aka saurara. Manjo ya karanta amsa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ta uku.

Tari.

Ya sake zagayowa. Shiru. Shiru. Ya iso kan amsar nan dai. Tari kuma.

Yanzu ka tuna ɗabi'ar da na ce ka riƙe. Karanto amsoshi da ƙarfi, a cewar masu ƙara, ba tunani ba ne, jefa ƙugiya ce. Shi ya ambata, wani ya amsa masa da maƙogwaro. Kuma wannan wani ba ya cikin jerin 'yan kallo inda ake sa ido. Yana zaune taku kaɗan a bayan manjo, cikin 'yan takarar da ke jiran a zo kansu. Sunansa Tecwen Whittock, malami a kwalejin Pontypridd a yankin Wales, tsohon hannu a gasar tambayoyi. Bayanan waya sun nuna sun yi magana da Diana tsakanin daren farko da na biyu. Wani ɗan takara da ke zaune a jerin, Larry Whitehurst, ya shaida cewa tun ana cikin wasan ya gano abin, har da aka zo tambayar miliyan ya zuba wa Whittock ido yana jiran a ambaci googol. Aka ambata. Tarin ya zo.

An ƙirga tari 192 a faifan daren, masu ƙara suka ware 19 suka ce su ne alama. Da wannan mabuɗi, kowace ƙofa da ta gagare mu ɗazu sai ta buɗe. Tambayar Craig David? Sun ce Whittock bai san waƙoƙin matasa ba, sai Diana ta yi tarin daga cikin 'yan kallo. Tambayar Haussmann kuwa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Manjo ya nace kan Balin, yana shirin zubar da fam 218,000. A daidai nan faifan ya kama wani tari da masu ƙara suka ce an cusa kalmar "a'a" a cikinsa, sai fyace hanci ya biyo baya, wanda suka fassara da cewa a dakata. Da ya ambaci Faris, tari ya sake tashi. Abin da ya ba ni mamaki a dabarar, idan haka aka yi ta, shi ne rashin tsadarta. Kamfanin Celador, mai shirya shirin, ya tsare tambayoyinsa, ya tsare wayoyi, ya tsare ƙofofi. Amma wa zai hana mutum tari?

Aka dakatar da cakin. Ba a watsa shirin a lokacinsa ba. Ranar 7 ga Afrilu 2003, kotun Southwark a Landan ta sami mutum ukun da laifin zamba. Manjo da matarsa aka yanke musu ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka da tarar fam 15,000 kowanne, Whittock wata 12 da tarar fam 10,000. Cikin watan Agusta na wannan shekara, Ingram ya rasa kakinsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na rufe fayil da kwanciyar hankali. Amma mutanen uku sun musanta laifin a gaban kotu, kuma Charles da Diana ba su sauya magana ba har yau. Whittock ya ce yana da daɗaɗɗen tari da ƙura ke tayar masa, likitoci kuma sun tabbatar da lalurar. Manjo ya ce bai ji wani tari ba, abin da ya ji a tambayar Craig David shi ne jan numfashin 'yan kallo lokacin da ya nufi A1. A shekarar 2015, ɗan jarida Bob Woffinden da gwanin wasan dara na chess James Plaskett suka fitar da littafin Bad Show, suna cewa an yi wa mutanen rashin adalci. Hujjarsu mafi nauyi ita ce faifan da aka saurara a kotu, Celador ne ya haɗa shi, kuma an ɗaga ƙarar tarin a ciki. Wanda zai biya miliyan shi ne ya shirya shaidar. Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma ya kamata ya dami duk mai son gaskiya. Idan ka zaɓi 19 daga cikin 192, ka ƙara musu sauti, ka ce wa mutum ga inda zai saurara, zai ji abin da ka ce ya ji.

Duk da haka, ni ina tare da hukuncin kotun, kuma Faris ce ta tsayar da ni a nan. Mutumin da ya ba da dalilinsa na zaɓar Balin, ya maimaita shi, sannan ya watsar da shi babu wani dalili sabo, da rabin miliyan a kan tebur, akwai abin da ya shiga kunnensa.

Abu ɗaya ne ya ƙi daidaita mini. Da manjo ya sauka, wanda ya ci zagayen saurin yatsa, gasar da ake fidda ɗan takara na gaba da ita, ya hau kujerar shi ne Whittock da kansa. Mutumin da aka ce ya san Holbein da Haussmann da googol ya yi tuntuɓe a tambayar fam 8,000, kan wani abincin Girka. Ya koma Wales da fam 1,000.