Farautar zakin dutse a Kolorado: sai da jarrabawa

Kafin shekarar 1965, ladan kuɗi ake bai wa duk wanda ya kashe zakin dutse a jihar Kolorado ta Amurka. Yau kuwa maharbi ba zai samu lasisi ba sai ya ci jarrabawa, wadda ke koya masa bambanta namiji da mace tun dabbar tana bisa itacen da karnukan farauta suka sa ta hau.

Ana buɗe farauta a ƙarshen Nuwamba, a rufe ƙarshen Maris, lokacin da dusar ƙanƙara ke nuna sawu. An raba jihar yanki-yanki, kowanne da adadin da aka yarda a kashe. Kullum sai maharbi ya bincika ko yankinsa ya cike, domin da ya cike an rufe ke nan. Zaki ɗaya ne rabon mutum, karnukansa kuma kada su wuce takwas.

Dokar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ta uwa. Haramun ne a harbi mace mai 'ya'ya tare da ita, ko ɗan da ke da ɗigo-ɗigo a jiki. 'Ya'yan sukan fi shekara suna bin uwarsu, kashe ta kashe su ne.

Wanda ya yi sa'a zai ba da rahoto cikin awa 48, ya kai gawar a duba cikin kwana biyar, a cire haƙori don gane shekarunta. Naman ma ba a yarda a yasar ba.

A Nuwamban 2024 an nemi hana farautar gaba ɗaya, masu zaɓen jihar suka ƙi.